Tarihin Da Na Tono A Cikin Injin Wani Tsohon Babur

  An nemi in rubuta wani abu da ya shafi tarihi, kasancewar shi na karanta a jami'a, ko da yake fayil-fayil na ofis sun daɗe da shiga tsakanina da shi. Na san wasu za su zaci zan ɗauko Bagauda ko yaƙin Kano da Damagaram. To, babur zan ɗauko, don haka a yi haƙuri da ni.

'Yan ajinmu za su tuna darasin farko da aka yi mana na tarihi a aji huɗu, inda aka koya mana cewa hanyoyin samun labarin da uku ne: abin da aka ji daga bakin magabata, abin da aka samu a rubuce, da kuma abin da aka tono a ƙasa. Aka ce mana masu tonon ƙasa, irin waɗanda suka yi aiki a Nok, hawa-hawa suke karanta rami, wato abin da ke can ƙarƙashi ya girmi wanda ke samansa. Haka na tarar da cikin injin tsohon babur. Duk bakaniken da ya taɓa buɗe shi ya bar wata alama, kuma kowace alama tana faɗin halin da aljihun mai babur ɗin yake ciki a shekarar da aka yi gyaran.

Babur ɗin Honda C70 ne, shuɗi, kakan irin waɗanda a yau muke kira roba-roba. Na kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, wanda ya ƙare rayuwarsa yana malamin firamare. Bayan rasuwarsa, da aka zo rabon gado, an tarar da shi a ɗakin tarkace, tayu sun fashe, kaji sun mayar da ƙarƙashinsa akurki. Masu ƙiyasta dukiya suka sa masa kuɗin ƙarfe, har an kira 'yan gwangwan sun zo da ma'auninsu. Na roƙi magada su sayar mini a kan abin da 'yan gwangwan suka taya, suka yarda, wasu suna dariya. A cikin wata adaka ta marigayin muka sami rasit ɗin sayensa, ɗauke da shekarar 1975. Na shafe Asabar da Lahadi na wajen shekara ɗaya da rabi a kansa, ni da wani dattijon bakanike da ya fara koyon sana'a tun zamanin fam da sule.

Kafin mu buɗe inji, ya kamata mai karatu ya san asalin wannan babur. Soichiro Honda, wanda kamfanin ke ɗauke da sunansa, ɗan maƙeri ne mai gyaran kekuna, an haife shi a Japan a 1906. Bayan yaƙin duniya na biyu ƙasarsu ta zama kufai, babu mai, babu abin hawa. A 1946 ya fara sayen ƙananan injina da sojoji suka bari, waɗanda ake ba rediyon soja wuta da su, yana ɗaura su a jikin kekuna a garin Hamamatsu. A 1948 ya kafa kamfani sosai, sa'an nan a 1949 ya haɗu da Takeo Fujisawa, wanda ya riƙe masa harkar kuɗi da ciniki. Shi Honda bai san komai ba sai inji, shi kuwa Fujisawa ya san abin da talaka zai iya saya. A ƙarshen 1956 su biyun suka zaga Turai suna duba ƙananan baburan Jamus da Italiya, suka komo gida da shawarar yin nasu.

Abin da suka fitar a watan Agusta na 1958 shi ne Super Cub, mai inji cc 49. Sharaɗin da Fujisawa ya gindaya shi ne ya zama babur da yaron mai sayar da taliya zai iya tuƙawa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da faranti. Wannan ne dalilin da ya sa roba-roba ba shi da kuloci a hannu: kulocin yana cikin inji, shi yake kama kansa idan inji ya ɗau gudu, kuma da ka taka giya da ƙafa sai ya saki. An mayar da tanki ƙarƙashin wurin zama, aka bar tsakiya a buɗe don mai zane ko mai doguwar riga ya hau ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. An rufe sarƙa cikin gidanta don kada ƙura ta ci ta. Tayun kuwa aka yi su masu inci 17, manya, saboda a lokacin yawancin hanyoyin Japan ba su da kwalta. Duk wanda ya taɓa shiga da Vespa cikin rairayi ya san amfanin wannan. Garkuwar da ke kare ƙafafu da madigadin gaba da roba aka yi su, abin da ba a saba gani ba a babur a wancan zamani, kuma ga inda sunan da muke kiransa ya samo tushe.

Babban abin da ya bambanta shi da sa'o'insa shi ne inji. Yawancin ƙananan babura na lokacin, har da Vespa, sai an gauraya musu baƙin mai da fetur, suna tafe suna hayaƙi. Na Honda kuwa mai bawul ne irin na mota, baƙin mai daban, fetur daban. An ce da Fujisawa ya ga samfurin farko sai ya ce zai sayar da 30,000. Injiniyoyi suka zaci a shekara yake nufi, ya ce a wata. A 1960 suka gina masana'anta a Suzuka musamman dominsa. A tsakiyar shekarun 1960 aka sake fasalin injin, aka mayar da sandar da ke buɗe bawul can saman kai, ana juya ta da wata 'yar sarƙa, kuma daga wannan zuriya C50 da C70 da C90 suka fito. A watan Oktoba na 2017 kamfanin ya sanar da cewa ya ƙera miliyan 100. Babu wani abin hawa mai inji da aka taɓa ƙerawa da yawa haka a duniya.

To, yaya aka yi malamin firamare a ƙasar Kano ya sayi sabo dal a 1975? Malamanmu dattawa sun riga sun san amsar, kalma ɗaya ce: Udoji. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa kwamiti a 1972 ƙarƙashin Cif Jerome Udoji don duba tsarin aikin gwamnati. Ya miƙa rahoto a 1974, lokacin da kuɗin man fetur ya ninka sakamakon rikicin Gabas ta Tsakiya na 1973. Daga wannan rahoto ne aka samo matakan albashi na 01 zuwa 17 da muke kai har yau. An ƙara albashi ƙwarai, kuma aka biya ariyas tun daga watan Afrilu na 1974, kuɗin suka faɗo a dunƙule a farkon 1975. Manyan ma'aikata suka nufi mota, kuma a wannan shekarar ce masana'antar Peugeot ta Kaduna da ta Volkswagen ta Ikko suka fara harhaɗa motoci. Matsakaita suka sayi Vespa ko babbar Honda 175. Irin su kawu, da ke can ƙasan tsani, suka jingine keke suka sayi ƙarama. Masana tattalin arziki sun zargi Udoji da haddasa tsadar kaya, kuma suna da gaskiya. Amma ni da na riƙe wannan rasit a hannuna ba na iya ganin laifin kwamitin gaba ɗaya, domin ya nuna an taɓa yin lokacin da mai koyar da 'yan aji uku zai shiga kanti ya biya kuɗin sabon babur na Japan.

Hawa na farko, wato na can ƙarƙashi, shi ne abin da ya zo daga masana'anta. Gangar jikin babur ɗin, wadda faranti biyu ne na ƙarfe aka matse aka haɗa da walda, ba ta tsage ko'ina ba, sai tsatsa a ƙarƙashin madigadin baya. Haƙoran giya uku ɗin suna nan kamar jiya aka yanka su. Kusoshin da suka rage na asali kuwa ana gane su da wani ɗan ɗigo a gefen kansu. Wannan ɗigo alama ce ta cewa an yanka kan kusar bisa ma'aunin Japan, wanda ya ɗan saɓa da sukudireban da ke kasuwarmu. Shi ya sa duk tsohon babur na Japan za ka ga kawunan kusoshinsa a cinye. Shekara da shekaru ana zagin ƙarfen, alhali sukudireba ce ba ta dace ba.

Da muka cire kan inji muka kankare baƙin da ya daskare a kan fistin, sai ga lamba 0.50 ta bayyana. Faɗin ramin fistin na C70 milimita 47 ne. Idan ya cinye, akan kai shi a ƙara masa faɗi, a sa fistin da ya ɗara na da, mataki-mataki: 0.25, 0.50, 0.75 har 1.00. Ke nan sau biyu ana yi wa wannan inji babban aiki. Dattijon ya juya fistin ɗin ya duba cikinsa, ya ce wannan na ainihi ne, na Japan. A ganina wannan ya sa aikin a ƙarshen shekarun 1970 ko farkon na 1980, lokacin da naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja, litar fetur kuma ba ta wuce kwabo 20 ba. A 1979 ne ma Honda ta kafa kamfaninta na harhaɗa babura a Ota ta Jihar Ogun. A lokacin malami zai iya cewa bakanike ya sa masa na ainihi, ya kuma biya ba tare da ya ci bashi ba.

Daga nan labari ya fara sauyawa. Ringin da ke jikin wannan fistin ba sa'anninsa ba ne, an sa su daga baya, kuma ba su da tambarin kowa. Haka takalman birki, haka kwayil. Farashin mai ya faɗi a kasuwar duniya, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a watan Afrilu na 1982, shigo da kaya ya koma sai da lasisi. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, a watan Satumba aka fara gwanjon kuɗin waje, dala ɗaya ta haura naira huɗu a zaman farko. A shekarar ce kuma litar fetur ta koma kwabo 39.5. Kayan Japan suka gagari mai albashi. 'Yan kasuwar Nnewi, waɗanda suka riƙe cinikin kayan babur a ƙasar nan, suka riƙa ɗaukar samfuri suna kaiwa Taiwan ana kwaikwaya musu. Abin da ke jikin babur ɗin kawu ke nan a hawa na biyu.

Hawa na uku shi ya fi taɓa mini zuciya. Gasket ɗin murfin kuloci da kwalin sukari aka yanka shi, har ana iya ganin sauran rubutun kwalin. An ɗaure batir da igiyar da aka yanko daga tsohon tiyub. Inda fis ya kamata ya zauna, zaren waya aka murɗa. Sa'an nan ga abin da ya ba ni mamaki: an yi wa kariyar baya ƙari da walda, an ɗora mata katako da soso, an kuma ƙara wa matakan fasinja ƙarfe. Robobin da ke cikin hannuwan ƙafar gaba sun cinye har ƙarfe yana cin ƙarfe, sandunan wilin baya kuwa kusan rabinsu ba na asali ba ne. Babur ɗin da ke kai mutum ɗaya makaranta ya dawo da shi ba ya lalacewa haka. Da na tambayi gwaggo, matar marigayin, ta yi shiru, sa'an nan ta ce ai akwai shekarun da in ya dawo daga makaranta ya yi la'asar, yakan fita da shi can wata unguwa mai nisa inda ba a san shi ba, ya ɗauki fasinja har bayan isha'i. Shekarun 1990 ke nan, lokacin da fetur ya kai naira 11 a 1994, albashin malaman firamare kuma yakan yi watanni bai zo ba. Mu da muke yara a gidan ba mu taɓa sani ba. Ina jin a cikin malaman da ke karanta wannan akwai waɗanda ba sa bukatar a yi musu bayani.

Abin da ya kwantar da babur ɗin a ƙarshe ba wata babbar lalacewa ba ce. Tun 1981 Honda ta ƙulla yarjejeniyar fasaha da kamfanin Jialing na birnin Chongqing a ƙasar Sin, kuma cikin shekaru kaɗan masana'antun wannan birni da wasunsa suka ƙware a kan wannan kwantaccen inji, suna yin irinsa da sunaye daban-daban. Daga ƙarshen shekarun 1990 baburan Sin suka cika kasuwarmu, ana shigo da su a wargaje cikin kwali ana ɗaurawa a nan. Mu da muka shiga makaranta a farkon shekarun 2000 mun ga wannan sauyi da idonmu a gindin bishiyar da malamai ke ajiye ababen hawansu: tsofaffin Vespa suna raguwa, Jincheng suna ƙaruwa. Da sabon babur ya yi araha, gyaran tsoho ya zama asara. Kawu ya sami na Sin ta hanyar bashin ƙungiyar malamai, ya tura wannan ɗaki. Wancan na Sin ɗin tuni ya bi 'yan gwangwan.

Aikin tayar da shi ba wani abin al'ajabi a ciki, haƙuri ne kawai. Tanki mun zuba masa kananzir da tarin notuna muka yi ta girgizawa har tsatsar ta saki. Kafireta mun wargaza ta, muka jiƙa 'yan ƙananan bututunta na tagulla cikin ruwan tsamiya, aka busa su da iska. Dattijon ya hana a zura musu allura, domin ramin da aka auna da ma'auni in ya ƙaru ko da kaɗan ne, babur ya dinga shan mai ke nan har abada. Ya buɗe fuskar kuloci ya nuna mini wani lungu da yawancin yaran yanzu ba su san da shi ba, inda juyawar inji ke tara dattin baƙin mai. Abin da muka kankaro daga ciki ya yi tauri kamar bagaruwa. Bulok ɗin muka kai aka ƙara masa faɗi zuwa 0.75. Bawul aka wasa su da hannu, aka bar musu tazarar milimita 0.05 inji yana sanyi.

Inda muka daɗe shi ne wajen wuta. Wannan babur na zamanin batir mai bolt 6 ne, kuma tartsatsin fulogi daga kwantak yake zuwa, wasu 'yan ƙarafa biyu da ke buɗewa suna rufewa a bayan faifan maganaɗisu. Dole tazararsu ta tsaya tsakanin milimita 0.3 da 0.4, kuma su fara buɗewa daidai lokacin da alamar F da ke jikin faifan ta zo saitin tsagar da ke jikin inji. Dattijon da takardar sigari yake gane wannan lokaci: ya maƙala ta tsakanin ƙarafan, yana juya faifan a hankali yana jan ta, da ta zame ya san sun buɗe. Tun farkon shekarun 1980 aka fara maye gurbin wannan tsari da ɗan akwatin lantarki da ba ya bukatar saiti, don haka bakaniken da bai kai shekara hamsin ba da wuya ya taɓa yin wannan aiki.

A nan ne aka yi ta ba ni shawara. Abokai a ofis, har da wasu 'yan ƙungiyar nan tamu, suka ce in sauke tsohon injin in ɗora sabo na Sin mai cc 110, tunda ramukan kusoshin ɗaya ne, aikin yini guda ne, ga ƙarin gudu, ga fitila mai haske. Maganarsu gaskiya ce ta fuskar kuɗi. Na ƙi ne saboda lambar da ke jikin wannan inji ita ce a rubuce a rasit ɗin 1975, kuma in na sauke shi, abin da zai rage babur ɗin Sin ne sanye da rigar kawu. Amma ban yi taurin kai a kan komai ba. Sabon fistin, da ringi, da 'yar sarƙar cikin inji, da gasket, duk na Sin ne, a Sabon Gari na saye su, kuma yawancinsu sun zauna ba gardama. Baburan da suka kori wannan tsoho daga titi su ne suka sa har yau ana samun kayansa a kowane lungu, abin da mai tsohuwar Vespa ko Honda 175 ba zai samu da sauƙi ba. Fitilar baya da murfin gefe kuwa a Ƙofar Ruwa na tsinto su cikin tarin ƙarafa, kwana kaɗan kafin a loda su a mota zuwa inda ake narkarwa.

Kariyar da aka yi wa walda ban cire ta ba. Na kankare tsatsarta na shafa mata fenti, na bar ta yadda take. Masu wannan sha'awa a Turai da Japan sukan so babur ya koma tamkar ranar da ya fito daga kanti, kuma Honda kanta tana da gidan tarihi a Motegi inda ta jera irin waɗannan suna walƙiya. Wannan ra'ayinsu ne. Ni a wurina waldar nan ita ce shafi mafi muhimmanci a cikin littafin. Gasket ɗin kwalin sukari da tsohon fistin kuma suna cikin adaka tare da rasit.

Ranar da ya tashi, a taku na huɗu ya kama, ya yi hayaƙi na ɗan lokaci sa'an nan ya daidaita. Gwaggo na aika wa ta zo ta gani, ta tsaya daga zaure ta saurara, ta ce muryarsa ba ta sauya ba. Ba zai ƙara ɗaukar fasinja don kuɗi ba, ko ba komai an hana acaɓa a birnin Kano tun watan Janairu na 2013. Ina hawansa zuwa masallacin Juma'a da kasuwa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, waɗanda suka yi mini dariya a wajen rabon gado su ne ke tsayar da ni suna tambayar kwana nawa lita ɗaya take yi mini, har mutum biyu sun taya.

Abu ɗaya ya rage. Farar garkuwar roba ta gaba, wadda ta ba shi suna, rana ta cinye ta har tana marmashewa a hannu. Wadda ke jikinsa yanzu ta Sin ce, sai da aka huda mata sababbin ramuka kafin ta zauna, kuma duk wanda ya san babur ɗin zai gane ba tasa ba ce. Don haka ina roƙon 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai, musamman malamanmu da suka ga zamanin Udoji, duk wanda ke da ragowar C70 a zaure ko a bayan gida, ko ya san inda take, ya taimaka ya sanar da sakataren ƙungiya kafin taronmu na shekara. Ko da ta tsage ina so, dattijon ya ce ya san yadda ake ɗinke ta.